Kifin Kiyawa a Akwatunan Gilashin Turai: Tsokaci a Kan Wani Nauyi da Ya Rataya a Wuyan Manazarta Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1928, wani masanin dabbobi Bajamushe mai suna Ernst Ahl ya wallafa bayanin wani ɗan ƙaramin kifi a wata mujallar kimiyya ta birnin Landan. An kamo kifin ne daga Kogin Kiyawa, a ɓangaren da ya kusanci Katagum, don haka ya raɗa masa suna Nothobranchius kiyawensis. Ɗafa-ƙeyar “-ensis” ta harshen Latin aikinta ɗaya ne da ɗafa-goshin “ba-” na Hausa a kalmomi irin su Bakano da Bahaɗeje, wato nuna asali. Ke nan ma'anar sunan ita ce “ɗan Kiyawa”. A shekarar 1969 wani masanin daga ƙasar Ostiriya, Alfred Radda, ya ware wa kifin dangi na kansa, sunan ya koma Pronothobranchius kiyawensis. Da wannan suna masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suka san shi, suna rubuta shi a jikin akwatunan gilashinsu, galibinsu ba tare da sanin cewa Kiyawa gari ne da ke kan hanyar Dutse zuwa Azare ba.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, tattara sunayen kifaye da ilimin masunta a fadamun tsakiyar Jigawa, musamman tsakanin Kiyawa da Kafin Hausa, aiki ne na manazarta Hausa kamar yadda yake aiki na masana halittu, kuma aiki ne na gaggawa. Dalili kuwa shi ne, kalma ba ta daɗewa bayan abin da take nufi ya gushe, kuma kududdufan da irin wannan kifi ke rayuwa a cikinsu suna cikin muhallan da suka fi saurin ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba.

2.0 Kifin da Ke Rayuwa Damina Ɗaya

Wannan kifi yana cikin rukunin da masu kiwo ke kira kilifish, a ɓangaren waɗanda rayuwarsu ba ta wuce damina guda. Tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Namijin shi ke da ado, jikinsa na ƙyalli da ɗigo-ɗigon ja, tamatar kuwa launinta a dushe yake. Abin da ya bambanta shi da sauran kifaye shi ne wurin zamansa. Mazauninsa shi ne kududdufi da tafkin da ruwan sama ko ambaliya ke cikawa da damina, su ƙafe ƙaf da rani.

Hikimar halittarsa tana cikin ƙwansa. Da zarar kifin ya balaga, namiji da tamata sukan nutsa ƙasan ruwa su binne ƙwai a cikin taɓo, kuma kusan kullum suke yin haka har ruwan ya janye. Idan tafki ya ƙafe, iyaye duka sukan mutu ko tsuntsaye su tsince su. Ƙwan kuwa yana nan a cikin busasshiyar laka, ɓawonsa mai kauri yana kare shi, ɗan tayin da ke ciki ya dakatar da girma. Masanin halittu John Wourms ya bayyana a shekarar 1972 cewa wannan dakatawa tana iya faruwa a matakai uku daban-daban na girman ɗan tayin: tun yana farkon haɗuwa, da lokacin da siffar jikinsa ta fara fitowa, da kuma bayan ya kammala, yana jiran ruwa kawai. Amfanin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya san halin daminar ƙasar Hausa. Ruwan farko yakan yaudari manomi ya yi shuka, sannan ya ɗauke na tsawon makonni. Da a ce ƙwan duka zai ƙyanƙyashe a ruwan farko, da fari guda ya isa ya shafe zuriyar. Tun da yake kowane ƙwai yana matakinsa, wasu sukan fito da wuri, wasu su jira, kamar dai manomin da ba ya zuba irinsa duka a shukar farko.

Saurin girman irin waɗannan kifaye shi ma abin lura ne. Wani ɗan'uwansa na kudancin Afirka, Nothobranchius furzeri, wanda ake samu a Zimbabuwe da Mozambik, an tabbatar a shekarar 2018 cewa yana iya balaga cikin kwana 14 da ƙyanƙyashewa. Saboda gajartar rayuwarsa, wadda ba ta wuce 'yan watanni, ya zama abin gwaji a ɗakunan binciken tsufa na Jamus da Italiya da Amurka, har aka fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin gadonsa a shekarar 2015. Kifin da yaro zai taka a bakin kududdufi bai waiwaya ba, irinsa ne masana ke amfani da shi wajen fahimtar yadda jikin ɗan'adam ke tsufa.

Wannan hali na ƙwan ne kuma ya sauƙaƙa yaɗuwar kilifish a hannun masu kiwo. Ba sai an yi jigilar kifin da ruwa ba. Akan sa ƙwan a cikin ɗanyar ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, a ƙulle a leda, a aika ta gidan waya. Wanda ya karɓa ya ajiye na wasu watanni, ya zuba ruwa, sai ga kifi.

3.0 Muhallin: Fadamun Kiyawa Zuwa Kafin Hausa

Ƙasar da ke tsakanin Dutse da Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, jigayi da fadamu suna bin juna. Kogin Haɗeja ya ratsa ta arewa, Kogin Jama'are ya bi ta kudu, Kogin Kiyawa da Kogin Kafin Hausa kuma suna tsakani. Shi Kogin Kafin Hausa reshe ne da ya ɓalle daga Kogin Haɗeja. Damina a nan ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani ne. A wannan yanayi, kowace fadama mai baƙar laka, irin wadda ke tsattsagewa idan ta bushe, tana iya zama ma'ajiyar ƙwan kifi, domin irin wannan laka ce ke riƙe ɗan danshi a ƙarƙashinta har bazara.

Muhimmancin wannan yanki ga kimiyya ya ƙaru a shekarar 2013, lokacin da masanin Italiya Stefano Valdesalici ya sake bitar dangin. Kafin nan, duk kifin wannan dangi da aka samu daga Gambiya zuwa Chadi akan kira shi kiyawensis. Bitar ta raba su: na Gambiya ya koma gambiensis, na filayen Akara a Ghana ya koma seymouri, aka kuma bayyana sabon jinsi daga Jamhuriyar Nijar mai suna chirioi. A ƙa'idar raɗa sunayen halittu, wurin da aka fara kamo jinsi shi ne ma'aunin da ake komawa gare shi idan an yi saɓani. Ma'ana, duk mai son sanin ainihin kiyawensis, dole ya koma ga kifin Kogin Kiyawa.

Sai dai ruwan wannan ƙasa ya daɗe da sauya hali. An kammala madatsar Tiga a shekarar 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a saman Kogin Haɗeja. Madatsun sun rage ambaliyar shekara-shekara da ke cika fadamu, sannan suka riƙa sakin ruwa da rani, lokacin da a da kogin yake bushewa. Sakamakon haka ya zo ta fuska biyu masu kama da kishiyoyin juna. Wasu fadamun sun daina samun ruwa, wasu kuma sun daina bushewa. Inda ruwa ya zauna dindindin, kachalla ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, abin da manoma da masuntan ƙasar Haɗeja suka shafe shekaru suna kuka da shi. Ga kifin damina ɗaya, duka biyun halaka ce. Idan ruwa bai zo ba, ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. Idan ruwa ya zauna, tarwaɗa da sauran manyan kifaye sukan shigo su cinye shi, domin ƙafewar tafki ita ce katangar da ke tsare shi daga gare su.

A kan wannan kuma akwai matsi na kusa: cike kududdufai don gina gidaje a gefen garuruwa, da haƙar laka don yin tubali, da faɗaɗa noman shinkafa da na rani zuwa kowace fadama, tare da magungunan feshi da ke gangarawa cikin ruwa. An sanya dausayin Nguru da mashigar Marma cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, aka sanya na Baturiya a 2008. Wannan kariya ta shafi manyan dausayi ne masu tara tsuntsayen ƙaura. Ƙaramin tafkin da ke bayan gari, wanda ba ya cikin kowace taswira, babu mai magana da yawunsa.

4.0 Abin da Bahaushe Ya Riga Ya Sani

Mai tunanin cewa ilimin kifi baƙo ne a Hausa bai zauna da masunta ba. Harshen yana da sunaye masu yawa da suka bambance jinsi da jinsi: tarwaɗa da ramboshi da kurungu da ƙarfasa da bargi da yauni da tsage da kawara da giwan ruwa da ragon ruwa da minjirya da gwando da talibamban da gaiwa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, haka kuma littafin kifayen Arewacin Nijeriya da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar a 1967 ya jera sunayen Hausa kusa da na Latin.

Cikin waɗannan sunaye akwai lura mai zurfi. Hausawa na yi wa gaiwa kirari da mai cin jikinta. Gaiwa kifi ce mai huhu, wadda idan ruwa ya ƙafe takan haƙa rami a taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta har damina ta dawo. Binciken kimiyya ya nuna cewa a tsawon wannan kwanciya, naman jikinta ne take narkarwa tana rayuwa da shi. Kirarin bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Minjirya kuwa, wadda ke girgiza duk wanda ya taɓa ta, Bahaushe ya san halinta tun kafin wutar lantarki ta shigo ƙasarsa. Yauni shi ne kifin da Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya yi nazari a kansa, ya bayyana a 1951 cewa yana fitar da raunanan tartsatsin lantarki ba ƙaƙƙautawa, binciken da ya kai ga gano cewa da su yake laluben abin da ke kewaye da shi a cikin ruwa mai duhu.

Abin lura a nan shi ne, kusan duk waɗannan kifaye uku, da gwando da talibamban, ana kiwon su a akwatunan gilashi a ƙasashen waje. Amma a kasuwar kifin ado, gwando ana kiran sa “bichir”, talibamban kuma “fahaka”, sunayen da suka samo asali daga Larabcin Masar, saboda a bakin Kogin Nilu Turawa suka fara rubuta su. Sunan da aka rubuta da wuri shi ne ya yi tafiya. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai nazarin harshe.

Akwai kuma giɓin da ya kamata a duba. Sunayen da aka fi adanawa na kifayen da ake ci ne ko ake sayarwa, domin a kasuwa da bakin gulbi masu tattara kalmomi suka fi tsayawa. Ƙananan kifayen kududdufi ba sa shiga koma, ba sa zuwa kasuwa. Waɗanda suka fi sanin su su ne yara masu wasan ruwa, da mata masu wanki, da makiyaya masu shayar da dabbobi. Waɗannan kuwa su ne ba a cika yi wa tambaya ba idan an fita aikin fili, domin al'adar bincike ta saba da neman Sarkin Ruwa da dattawan masunta kawai.

5.0 Darasi Daga Duwatsun Murjani

Cinikin kifin ado yana da tarihin da ya kamata a yi la'akari da shi. A tsibiran Banggai na ƙasar Indunisiya akwai wani ɗan kifin teku mai suna Pterapogon kauderni, wanda ke zaune a ruwa marar zurfi kusa da duwatsun murjani, yana fakewa a tsakanin ƙayoyin bushiyar teku. Namijin ne ke riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, kuma 'ya'yan ba sa yin nisa da inda aka haife su, shi ya sa mazauninsa na asali ya taƙaita ga ɗan yanki kaɗan. An bayyana shi a kimiyyance tun 1933, amma sai a tsakiyar shekarun 1990 kasuwar kifin ado ta gano shi. Zuwa 2007 ya shiga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya.

Kamancin da ke tsakaninsa da kifin Kiyawa a fili yake: dukkansu ƙanana ne masu kyan gani, dukkansu sun dogara da wani keɓaɓɓen muhalli, kuma babu ɗayansu da ke iya yin ƙaura idan muhallin ya lalace. Nijeriya ma tana fitar da kifin ado na ruwan daɗi ta Legas, irin su kifin malam-buɗe-littafi da mai hancin giwa, waɗanda ake kamowa daga kogunan kudu. Ba abin mamaki ba ne wata rana hankalin 'yan kasuwa ya karkato arewa. Idan hakan ta faru kafin a san abin da ke cikin fadamun, to, za a yi ciniki ne a kan dukiyar da masu ita ba su ƙidaya ba.

6.0 Hujjojin Masu Ja

Akwai hujjoji uku da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma kowacce tana da nauyinta.

Ta farko ita ce ta talauci da ambaliya. Al'ummar da ta sha ambaliyar 2020 da ta 2022, ta rasa gidaje da gonaki, ba ta da lokacin tunanin kifin da bai kai loma ba. Wannan gaskiya ce. Amma fadamar da ke ɗauke da ƙwan kifin ita ce kuma ke shanye rarar ruwa idan kogi ya tumbatsa, ita ce ke sauke ruwa zuwa rijiyoyi, ita ce makiyayar rani. Kududdufin da aka cike aka yi gini a kansa, ruwansa ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi ɗakin wani. Maslahar kifin da ta mutanen gari ba su rabu ba.

Ta biyu ita ce ta lafiya, cewa kududdufi matattarar sauro ce. Wannan ma haka yake, musamman kududdufan cikin gari da suka zama juji. Sai dai tsutsar sauro tana cikin abincin waɗannan kifaye, har ma tun a shekarun 1940 aka ba da shawarar amfani da danginsu wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Gabashin Afirka. Tafkin da ke da kifinsa daban yake da ramin da babu komai a cikinsa sai ruwa da shara. Bambance su kuwa sai an je an duba.

Ta uku ita ce wadda za a fi ji a zauren malamai, cewa wannan aikin sashen nazarin halittu ne. Amsar ita ce, masanin halittu yana iya auna kifi ya ƙirga ƙayoyinsa, amma ba shi da horon da zai bambance sunan jinsi da sunan matakin girma, ko ya gane cewa kalma ɗaya tana nufin kifi daban a Haɗejanci da Sakkwatanci, ko ya gano wadda aka aro daga Badanci ko Barbarci ko Fulatanci, harsunan da suka yi cuɗanya da Hausa a wannan kwari. Ba shi ne kuma zai sa wa kalma karin sauti da tsawon wasali ba. Jerin sunayen da aka tattara ba tare da waɗannan ba, rabin aiki ne.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Sule Lamiɗo da aka kafa a 2013 tana cikin garin Kafin Hausa, Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 kuma ba ta da nisa da Kiyawa. Abin da ake buƙata shi ne ayarin haɗin gwiwa na ɗaliban Hausa da na nazarin halittu, su fita tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da kifin ke raye, su bi kududdufai da tafkuna ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki hoton kowane kifi da ransa, a rubuta sunan wurin kamar yadda mutanen gari ke faɗar sa, a naɗi muryar mai ba da suna, a kuma tabbatar an ji daga yara da mata da makiyaya. Sunayen tafkunan kansu abin adanawa ne, domin sau da yawa a cikinsu ake samun tarihin ruwan wuri.

Wajibi ne kuma a guji gaggawar ƙirƙirar suna daga kan teburi. Ƙirƙira tana da muhallinta a kalmomin fannu irin su matakan dakatawar ɗan tayi, inda harshen ke buƙatar sabon abu. Amma sunan kifi a bakin masu shi ake fara neman sa. Abin da aka tattara ya dace ya isa ga Cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, domin ya shiga bugu na gaba, ya kuma isa ga masu rubuta littattafan kimiyya na firamare. Dangane da ciniki kuwa, tun da kifin yana hayayyafa a akwati, babu hujjar kwasar sa daga daji. Idan har za a ci moriyarsa, to, ta hanyar kiwo ya kamata a ci, kuma a hannun mutanen yankin.

8.0 Kammalawa

Hausawa na kiran mai ƙarancin sanin duniya kifin rijiya. Kifin Kiyawa kuwa, duk da cewa a kududdufi yake rayuwa, sunansa ya kai shekara casa'in da ɗoriya yana yawo a mujallu da ɗakunan adana halittu na Turai. Abin da ya rage shi ne a san shi a gida, a rubuta abin da mutanen Kiyawa da Jahun da Kafin Hausa ke kiran sa da abin da suka sani game da shi. Lokacin yin haka ƙayyadadde ne: wata uku a kowace shekara, kuma muddin tafkunan suna ci gaba da cika da damina suna ƙafewa da rani.